Hurumi da amfani: amsa ga mai tambaya kan "karma"

Wata ɗaliba daga Zariya ta aiko da tambaya. Ta ce tana yawan jin kalmar "karma" a finafinan Indiya, ƙawayenta kuma suna cewa ita ce "alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi". Sai ga shi ta ji cewa 'yan Hindu suna koyar da a yi aiki ba tare da damuwa da sakamako ba. Shin wannan ba "ko oho" ba ne? Da wace Hausa za a faɗe shi?

'Yata, ƙawayenki sun kama reshe ɗaya ne. A Sanskirit, tsohon harshen Indiya, asalin ma'anar karma ita ce aiki, abin da mutum ya aikata. Maganar cewa aikin yana bin mai shi ta biyo baya, kuma a aƙidar 'yan Hindu bin yana ƙetarawa har wata rayuwar, domin sun yarda ana sake haihuwar mutum. Kwikwiyon Bahaushe bai san wannan hanya ba, don haka kada a haɗa su gaba ɗaya.

Koyarwar da kika ji tana cikin Bagabad Gita, littafi mai babi 18 da baiti 700, wani yanki na doguwar waƙar Mahabarata. Jarumi Arjuna ya tsaya a filin daga na Kurukshetra, ya hango kakansa da malaminsa da 'yan'uwansa a cikin rundunar da zai yaƙa, jikinsa ya mutu, baka ya suɓuce daga hannunsa. Krishna, abin bautar 'yan Hindu wanda a labarin yake tuƙa masa keken doki, shi ya yi masa nasiha. A babi na 2, baiti na 47, ya ce masa ikonsa yana kan aikin ne kawai, ban da abin da aikin zai haifar.

Kalmomi biyu a baitin sun daɗe suna burge ni. Ta farko "adhikara". Da na so in ce "hakki", amma "hurumi" ta fi zama daram. Hurumi a asali fili ne da aka keɓe, aka shata masa iyaka, shi ya sa alƙali yake cewa ba shi da hurumin sauraren ƙara. Ta biyu "phala", wato ɗan itace. Mu kuwa abin da gona ta bayar "amfani" muke ce masa. To ga fassarata: aiki huruminka ne, amfaninsa ba huruminka ba ne.

Ki dubi manomi mai binne. Ƙasa a bushe, ko ɗigon ruwa bai sauka ba, yana sara da sungumi, yaro na biye da shi yana jefa gero yana rufewa da diddige. Ruwan sama ba ya hannunsa, amma ko rami ɗaya ba zai tsallake ba. Wa zai kalli wannan mutum ya ce ko oho yake yi?

Nan ne nake ƙin fassarar "ko oho" da "ba ruwana" har cikin raina. Mai cewa ko oho aikin ya saki. Baitin kuwa da kansa ya rufe wannan ƙofa, don ƙarshensa gargaɗi ne kada mutum ya jingina da zaman banza. Abin da ake so a saki shi ne abin da a Sanskirit ake kira "kama", wato kwaɗayi, wanda mu ma muka ce mabuɗin wahala ne. Daga nan suka sami "nishkama karma", aiki marar kwaɗayi. Gandhi, jagoran neman 'yancin Indiya, da ya fassara littafin zuwa harshen Gujarati, sunan da ya ba fassarar yana nufin rashin ɗamfaruwa da abu.

Za ki ji kamar tawakkali ake nufi. Akwai kamanni, amma tawakkali kalmar Musulunci ce mai nata tushe na dogaro ga Allah, kuma ban yarda a ara wa wani addini ita a fassara ba. "Hurumi" da "amfani" da "kwaɗayi" sun ishe ki.