Riƙo da Aƙida ko Tafiya da Zahiri?

Tambaya: Malam, ni matashi ne da ban daɗe da fara aiki ba. Duk lokacin da na yi maganar gaskiya da adalci, abokan aikina da suka girme ni sukan ce ban san duniya ba tukuna, wata rana zan sauko in bi hanyar da kowa yake bi. Shin riƙo da kyakkyawar manufa yarinta ce, ko kuwa su ne suka gaji suka miƙa wuya?

Amsa: Ɗan'uwa, wannan muhawara ta girme mu duka, kuma masana siyasa da falsafa sun daɗe suna yin ta. A shekarar 1919, masanin zamantakewa ɗan ƙasar Jamus Max Weber ya gabatar wa ɗalibai lacca a birnin Munich, inda ya bambanta ɗabi'u biyu: ta mutumin da yake yin abin da aƙidarsa ta umarce shi ko da me zai biyo baya, da ta mutumin da yake auna sakamakon aikinsa kuma yake ɗaukar alhakinsa. Abin da mutane da yawa suke mantawa shi ne, a ƙarshen laccar ya nuna cewa ɗabi'un biyu suna cika juna ne, kuma cikakken shugaba yana buƙatar su duka.

Tarihin ƙarni na 20 ya nuna yadda manufa take faɗuwa idan ba ta yi la'akari da ƙarfi ba. Shugaban Amurka Woodrow Wilson ya yi fafutukar kafa ƙungiyar ƙasashen duniya da za ta hana yaƙi, aka kuwa kafa ta a 1920, amma Majalisar Dattawan ƙasarsa ta ƙi yarda Amurka ta shiga. Da Italiya ta mamaye Habasha a 1935, takunkumin da ƙungiyar ta ƙaƙaba bai haɗa da man fetur ba, kuma Sarki Haile Selassie ya tsaya a gabanta a Geneva a 1936 yana neman agaji bai samu ba. Waɗanda suka kafa Majalisar Ɗinkin Duniya a 1945 sun ɗauki darasi, sai suka bai wa ƙasashe biyar ikon hawa kujerar naƙi a Kwamitin Sulhu, domin sun san manyan ƙasashe ba za su zauna a wurin da za a iya tilasta musu ba. Wannan tsari yana da zalunci a cikinsa, ina kuma cikin masu jin zafinsa, amma shi ne ya riƙe manyan ƙasashen a teburi guda har yau. Da babu gara ba daɗi.

Sai dai misalin da na fi so ka yi nazari a kansa shi ne na cutar agana. A 1967 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da gagarumin shiri na kawar da ita daga doron ƙasa, a lokacin da shirin kawar da zazzaɓin cizon sauro, wanda aka fara a 1955, yake tangal-tangal, har aka janye burinsa a 1969. Mutane masu hankali da yawa sun ɗauki shirin agana a matsayin mafarki. Ma'aikatan sun riƙe burinsu, amma da suka ga cewa yi wa kowa da kowa allurar rigakafi ba zai wadatar ba, sai suka sauya dabara: a nemo wanda ya kamu, a keɓe shi, a yi wa duk waɗanda suka yi hulɗa da shi rigakafi. A 1977 aka samu mutum na ƙarshe da ya kamu da cutar ta hanyar yaɗuwarta a cikin jama'a, a ƙasar Somaliya, a 1980 kuma aka bayyana cewa an kawar da ita. Da ba a sa babban buri ba da ba a fara ba, da kuma an dage kan dabarar farko da ba a kai ga nasara ba.

Game da abokan aikinka, ka saurare su, domin sun san inda ƙaya take a hanyar da kai ba ka taka ba tukuna. Amma akwai hanyar da za ka gane mai lura da zahiri da wanda ya fake da shi. Ka tambaye su dalla-dalla: mene ne yake hana a gyara wannan abu, wa yake da ikon gyarawa, kuma me aka taɓa gwadawa? Mai lura da zahiri zai ba ka amsa, har ya nuna maka ƙofar da ta fi sauƙin buɗuwa. Wanda ya gaji ko yake cin moriyar ɓarnar kuwa zai maimaita maka cewa haka duniya take. Shawarata ita ce ka tsayar wa kanka abubuwa kaɗan da ba za ka taɓa yi ba, kamar sa hannu a kan ƙarya ko cin haƙƙin wani, sauran al'amura kuma ka yarda a tattauna, a yi sassauci, a jira lokaci. Ka zaɓi gyara guda ɗaya wanda yake cikin ikonka a wannan shekara, ka nemi mutum ɗaya daga cikin manyan nan wanda ya amsa tambayoyinka da gaskiya, ku fara da shi.