Tambaya da Amsa: Faifai da filin da suka dace da sabon ɗan wasan golf na faifai

Tambaya: Assalamu alaikum. Kwanan nan na fara wasan golf na faifai, wanda ake jefa faifai cikin kwandon ƙarfe mai sarƙoƙi. Na sayi faifai mai lamba 12, 5, -1, 3 saboda an ce da ni ya fi zuwa nesa. Amma duk sanda na jefa sai ya tashi sama, ya kife hagu, ya faɗi bai ko kai mita 60 ba. Da hannun dama nake jifa. Laifin hannuna ne ko na faifan?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Hannunka lafiya lau, faifan ne ya fi ƙarfinsa a yanzu. Lambobi huɗun nan da kamfanin Innova ya yaɗa amfani da su kowacce da abin da take faɗa. Ta farko gudu ce, daga 1 zuwa wajen 14, kuma nan ne sababbi ke ruɗewa. Ba ta nufin faifan zai yi gudu da kansa, tana nufin irin ƙarfin da yake buƙata kafin ya tashi yadda aka ƙera shi. Juya shi ka duba bakinsa: faɗin bakin ya wuce santimita 2, kuma yana da kaifi. Lamba ta biyu daɗewarsa a iska ce, daga 1 zuwa 7. Ta uku, daga +1 zuwa -5, yadda yake karkata dama ne a farkon tafiya, ta huɗu kuma, daga 0 zuwa 5, yadda yake dawowa hagu idan gudunsa ya ragu. Wannan ga mai jifa da bayan hannun dama ne. Bahago sai ya juya lissafin.

To, faifai mai gudu 12 idan bai samu ƙarfin da yake so ba, ba ya ma shiga matakin karkata dama, tun daga hannu yake fara dawowa hagu. Idan kuma gabansa na kallon sama lokacin da ka sake shi, iska ta shiga ƙarƙashinsa ta ɗaga shi, gudun ya mutu, sai ya zube.

Ajiye shi tukuna. Faifai uku sun ishe ka: na jefawa kwando daga kusa, irin Aviar mai 2, 3, 0, 1, na matsakaicin zango, irin Buzzz mai 5, 4, -1, 1 ko Mako3 mai 5, 5, 0, 0, sai ƙaramin na nesa, irin Leopard mai 6, 5, -2, 1. Mu da za ka ji tamu, ko Leopard ɗin ma ka bar shi a jaka sai na matsakaicin ya riƙa kai maka mita 70 zuwa 80 a miƙe. Faifai mai sanyin gudu ba ya rufa wa kuskure asiri. Ka karkata wuyan hannu, zai nuna maka nan take, kuma haka ake gyaruwa. Sai dai ka sani kowane kamfani shi ke sa wa faifansa lamba, don haka -1 na wannan ba lallai ya zama daidai da -1 na wancan ba.

Tambaya: Ni da ɗana mai shekara 11 muke son farawa. Nauyi nawa za mu nema, kuma wace roba ce ta fi?

Amsa: Malama, Allah ya raya shi. Ana rubuta nauyin a ƙasan faifan. Dokar PDGA, hukumar wasan da aka kafa a 1976, ta hana faifai wuce giram 200, kuma yawancin na nesa ba sa wuce 175. Ke ki nemi giram 150 zuwa 165, shi kuma 150 ko ƙasa da haka. Marar nauyi ya fi saurin tashi, amma iska na wasa da shi, shi ya sa na jefawa kwando gara ya kai wajen 170 a hannun babba.

Roba ta talaka, irin DX ta kamfanin Innova, tana kama yatsu sosai amma tana saurin cinyewa. In ta sha karo da bishiyoyi sai faifan ya ƙara karkata dama, abin da ba ya cutar da sabon hannu. Mai tauri irin Star ko Champion ta fi daɗewa, kuma ta fi dawowa hagu. Ku zaɓi launi mai ɗaukar ido kamar ruwan hoda ko ruwan lemo, ku guji kore da baƙi, ku rubuta suna a ƙasansa. A gasa minti 3 kawai ake bayarwa a nemi faifan da ya ɓata, daga nan sai hukuncin ƙarin jifa ɗaya.

Tambaya: Ta yaya zan gane filin da ya dace da ni?

Amsa: Buɗe manhajar UDisc ka duba tsawon kowane zango, wato daga wurin fara jifa zuwa kwando, kafin ka fita. Nemi fili mai kwando 9 wanda tazararsa ba ta wuce mita 50 zuwa 90 ba, ciyawarsa a yanke, babu tafki a tsakiyar hanya. Idan filin na da wurin fara jifa fiye da ɗaya, tsaya a na kusa, wanda galibi ake yi wa alama da ja. Daji mai cunkoson bishiyoyi ka bar shi sai jifanka ya miƙe, don rabin lokacinka zai tafi a neman faifai cikin ƙaya.

Fili na farko mai wuraren jifa na dindindin Ed Headrick ne ya tsara shi a Oak Grove da ke Kaliforniya a 1975, a lambun shaƙatawa na jama'a, kuma har yau filaye da yawa haka suke. Saboda haka kada ka saki faifai sai ka tabbatar babu mai wucewa a gabanka, domin bakin na nesa yana iya fasa goshi. Idan waɗanda ke bayanka sun fi ka sauri, matsa gefe ka ba su hanya, sannan ka ci gaba da jifanka a natse.