Talotalon Kirsimeti: in na tafasa shi na rufe tukunya, zai kwana lafiya?

Tambaya

Salama, Anti. Daga Jos nake rubuto miki. Wannan ce Kirsimetina ta farko a gidan miji, kuma dangi sun ce bana a wurinmu za a ci abincin rana, mutum kusan 15 har da yara. Maigida ya sayo talotalo guda daskararre, kilo 6, yana firizar maƙwabta saboda wutarmu ba tabbas. Kaza kam na iya ta, amma ban taɓa gasa abu mai girman wannan ba. Mama, mahaifiyar maigida, ta ce in fito da shi ran 23 da daddare in bar shi a roba a kicin, ai sanyin Jos ya isa. Ran 24 in wanke shi da ruwan zafi da lemon tsami, in ɗan tafasa shi ɗungurungum, in rufe tukunyar kada kowa ya taɓa, in mun taso coci ran 25 sai in sa shi a obin ya yi ja. Hankalina bai kwanta ba, domin bara a unguwarmu yaran wani gida sun kwana gudawa bayan biki. Ina kuma tsoron in yanka shi a gaban surukai a ga jini a ciki, waje kuwa ya bushe. Yaya zan yi?

Amsa

Ƙanwata, gara da hankalinki bai kwanta ba. Tsoron kunya a gaban surukai shi ne ƙarami a cikin tsoronki biyu, kuma zan zo kansa. Babban shi ne tukunyar nan da za ta kwana a rufe, domin da wannan tsarin za ki iya kwantar da mutum 15 da hannunki, alhali naman yana ƙamshi kuma kowa yana yaba miki.

Mama ba mugunta ta yi miki ba. Abin da ta saba da shi, kaza ce da aka yanka da safe, aka yayyanka ƙanana, aka tafasa ta nuna, aka soya ta ƙafe a mai. Irin wannan suyar tana daɗewa saboda ruwan jikin naman ya tsane, shi ya sa naman Sallah yake yin kwanaki a gidajen maƙwabtanki. Talotalo mai kilo 6 da ba a yanka ba wani abu ne dabam, kuma dabarar kaza ba ta hawa kansa.

Kullum sai na ji maganar nan, daga amare har masu dafa abincin biki da ya kamata a ce sun fi haka sani: wai wuta tana kashe komai, in ka tafasa ka rufe ba ka sa cokali ba, shi ke nan. Ba haka ba ne. Akwai ƙwayar cuta mai suna Clostridium perfringens, wadda take zaune a ƙasa da hanjin dabbobi, kuma tana yawan zuwa a jikin ɗanyen nama. Idan ta ji wuya sai ta ƙulle kanta a cikin wani ƙoƙo mai tauri, tafasa irin ta girki ba ta fasa shi. Tafasar ma gata take yi mata: ta kashe sauran ƙwayoyin da za su yi gogayya da ita, ta kori iskar da ke cikin romon, ita kuwa ƙwayar nan ba ta son iska. Sai ki rufe tukunya, babbar tukunya mai nauyin nama, ta ɗauki sa'o'i tana hucewa a hankali. Da zafin ya sauko ƙasa da digiri 60 har ya kai wajen 45, ƙwayar ta farka, kuma a wannan ɗumin tana iya ninka kanta cikin kusan minti goma. Ki lissafa daga yammar 24 zuwa azahar ɗin 25. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta daɗe tana nuna cewa ɓarkewar wannan cuta ta fi yawa a watannin Nuwamba da Disamba, lokacin bukukuwansu, kuma talotalo da gasasshen naman sa suna cikin abincin da aka fi samunta. Su ke nan masu wuta dare da rana.

Wani zai ce ai miyarmu tana kwana, da safe a ɗumama a ci lafiya. Miya ruwa ce, in ta tafaso ko'ina ya ɗau zafi, ƙwayoyin da suka farka sun mutu. Shi kuwa talotalon da aka ɗan tafasa ɗungurungum, zafi bai taɓa kai wa tsakiyar cinyarsa da jikin ƙashinsa ba. Ƙwayar cutar Salmonella da ke can ba ta mutu ba, ɗumi kawai kika ba ta. Washegari kuma ki sa shi a obin minti arba'in don fata ta yi ja, cikin dai bai kai zafin da zai kashe komai ba. Ga kuma Staphylococcus, wadda take fitowa daga hannu da hancin mai girki: idan ta samu sa'o'i a kan dafaffen nama tana zuba dafi, shi wannan dafin ko kin sake tafasawa yana nan. Shi ne mai sa amai cikin 'yan sa'o'i bayan an ci. Ita Clostridium kuwa murɗar ciki da gudawa take kawowa, tsakanin awa 6 zuwa 24, wato tsakar daren biki ko wayewar gari. Babu ɗayansu da yake canza wari ko ɗanɗano, don haka sunsuna tukunya ba gwaji ba ne.

Batun sanyin Jos kuma, na san daren Disamba a can yana sa mutum neman bargo biyu. Amma nama ba ya zama lafiya sai a digiri 5 ko ƙasa, kicin ɗinki kuwa ko a tsakiyar hunturu ya ɗara haka nesa. Daskararren talotalo daga waje yake narkewa. Kafin gari ya waye fata da fiffike sun yi sa'o'i a sake, cikin kuwa har yanzu ƙanƙara ce. Ƙa'idar ita ce awa 2 a waje, ɗanye ne ko dafaffe. Inda zafin gari ya haura digiri 32, kamar Kano ko Sakkwato da bazara, awa 1.

Abin da ya fi ba ni haushi, in abin ya faru ba wanda yake duba tukunya. A ce yara sun sha maiƙo, a ce canjin ruwa ne, a ce wata baƙuwa ce ta zo da mugun hannu. Na ga zumuncin da ya lalace a kan zargin sammu, alhali naman da ya kwana a kan murhu ne. Sannan ga masu bidiyon girki a Facebook da TikTok suna wanke kaza a famfo da lemon tsami da gishiri suna cewa sun kashe cuta. Lemon tsami ƙarni yake ragewa, iyakarsa ke nan. Wankin ma fantsama ƙwayoyin yake yi, kan katakon yanka, kan kabejin salak ɗin da ke gefe, kan zaninki. Hukumomin kula da abinci na Amurka da na Ingila duk sun ce a daina wanke ɗanyen naman tsuntsu. Na san ba za ki yarda ki dafa abin da ba ki ɗauraye ba, to ki yi shi a cikin roba ɗaya, ba a ƙarƙashin famfo ba, babu wani abinci a kusa, ki zubar da ruwan a hankali, ki wanke robar da wuƙa da hannunki da sabulu. Ruwan zafi kuwa ki bar shi, sama-sama yake ɗumama naman ba tare da ya dafa shi ba.

To ga yadda za ki yi. Idan akwai firijin da kika tabbata ba ya mutuwa, ki sa talotalon a ƙasan firij cikin tire, da ledarsa, tun ran 21. Kowane kilo 2 yana cin kusan kwana ɗaya, naki kwana uku ke nan. Tun da kin ce wuta ba tabbas, hanyar ruwa ta fi miki. Ran 24 da safe ki ɗauko shi, ki ƙara masa leda mai kauri ki ɗaure, ki nutsar da shi a babbar kula ko bokiti cikin ruwan sanyi da ƙanƙara, kina canza ruwan duk rabin awa. Kilo ɗaya awa ɗaya ne, kusan awa 6 zuwa 7. Wanda aka narkar a ruwa ba a ajiye shi a waje, ko dai ya hau wuta nan take, ko ya koma cikin ƙanƙara sosai har lokacin gashi. Ki sayi ƙanƙara da wuri, ranar jajibere tsada take yi kuma tana ƙarewa. Ki zura hannu cikinsa ta gaba da ta baya, sau da yawa ana cusa wuya da ƙundu da hanta a ƙaramar leda, amare da dama sun gasa da ita.

Shawarata kada ki gasa shi ɗungurungum. Hoton nan na turawa, tsuntsu guda a tsakiyar tebur, shi ne tushen bushewar da kike tsoro, domin ƙirji yana nuna da wuri, cinya tana jan lokaci; kafin cinyar ta yi, ƙirjin ya koma dusa. Obin ɗin gas na gida ma da ƙyar yake ɗaukar kilo 6, kuma wutarsa daga ƙasa take duka. Ki cire cinyoyin biyu da fikafikai, ki raba ƙirjin daga gadon baya. Bayan da wuyan da ƙundun su tafi romo, da shi za ki dafa shinkafarki. Ki tsane naman, ki shafe shi da gishiri kusan giram 10 a kowane kilo, ki tura wani ƙarƙashin fatar ƙirji, in kina sa dunƙule ki rage gishirin. Citta, tafarnuwa, masoro, ɗan kanumfari da barkono kin fi ni sanin bakin mutanenki. Ya kwana haka a firij ko a leda cikin kula mai cike da ƙanƙara. Gishirin da ya kwana a jiki shi yake riƙe wa ƙirji ruwansa, ya fi duk yayyafa romon da ake yi ana buɗe obin zafi yana gudu.

Ran 25 ki je sujadar farko ki dawo, ko ki bar wani babba a gida, ba a barin gas yana ci gida ba kowa. Ki zafafa obin zuwa digiri 190, ki shafa man shanu ko man gyaɗa a fata, ki fara sa cinyoyi, bayan minti 20 ƙirji ya bi. Awa ɗaya da rabi zuwa biyu zai ɗauka. In fata ta yi ja da wuri ki yafa mata foyil. In kuwa maigida ya nace sai ɗungurungum, digiri 165 ne, awa 3 zuwa kusan 4, kada ki sauko ƙasa da haka da sunan gashi a hankali, kuma kada ki cusa masa shinkafa ko dankali a ciki. Albasa da tafarnuwa don ƙamshi sun wadatar.

Agogo dai kimantawa ce. Abin da zai raba ki da fargaba shi ne ma'aunin zafi na nama, ɗan tsinken ƙarfe mai lamba, ana samunsa a shagunan kayan kek da manyan kantuna. Ki soka shi inda ƙirji ya fi kauri, da can cikin cinya ba tare da ya taɓa ƙashi ba, da gindin fiffike. Ko'ina ya nuna 74. Launi yana yaudara ta fuska biyu: nama yana iya yin fari bai kai ba, kuma talotalo yana iya nuna sarai amma jikin ƙashi ya rage da ɗan ja. Idan ya kai, ki fito da shi ki bar shi minti 20 zuwa 30 kafin wuƙa ta taɓa shi, in ba haka ba ruwan duk a tire zai ƙare. In ba ki samu ma'aunin ba, ki koma abin da kika iya: ki yanka gunduwa-gunduwa, ki dafa a romo har tsoka ta soma sakin ƙashi, ki soya ko ki gasa, duk a ranar.

Idan aikin ranar zai yi miki yawa har dole ki dafa ran 24, ki dafa shi ya nuna gaba ɗaya a yanke, ki tsame daga romo, ki baza a faffaɗan tire ya sha iska, kafin awa 2 ya shiga firij ko ƙanƙara, romon ma a ƙananan robobi. Washegari ki mayar da shi wuta har tsakiyarsa ya yi tururi. Rabin dahuwa yau, ƙarashe gobe, wannan ne na hana. Ita Mama kuma ba sai kin yi musu da ita ba. Ki ce mata girman naman ne ya sa aka ce a yanka shi, ki roƙe ta ta haɗa miki kayan ƙamshin da hannunta.

Bayan an ci, kada a bar ragowar a kula ana buɗewa ana rufewa har dare saboda baƙi masu shigowa gaisuwa. Kula ba ta riƙe zafin digiri 60 na tsawon yini, ɗumi take riƙewa, kin kuwa ji abin da ɗumi yake yi. Ki zare tsoka daga ƙashi, ki sa a sanyi, a cinye cikin kwana 3 zuwa 4. In Allah ya kiyaye wani ya kamu da gudawa, ruwan gishiri da sukari na ORS ne farko, ba Flagyl da jan kafso da mai kemis zai ƙirga miki a takarda ba tare da ya ga mara lafiyar ba. Yaro ƙarami, mai ciki, tsoho, ko duk wanda aka ga jini a bayan gidansa, ko zazzaɓi mai zafi, ko amai ya hana shi riƙe ruwa, a kai shi asibiti a ranar, ko da kuwa ranar biki ce kuma gida cike yake da baƙi.