Ba Jari Ne Ya Yi Maka Kaɗan Ba, Hannunka Ne Ya Yi Yawa A Aljihun Shago

Wani mai tireda a Pantami, cikin garin Gombe, ya rubuto mini yana cewa: "Malam, shekarata shida a shago. Jarina ya kai naira miliyan 2 da rabi, nakan yi cinikin dubu 70 zuwa 80 a rana, abin da gida ke buƙata kuma daga shagon nake ɗauka. Amma ban ga inda kuɗin ke tafiya ba. Cikin waɗanda muka fara tare, wani ya sayi mota, wani ya yi gini a Tumfure, ni kuwa jiya i yau. Raina ya ƙi kwanciya. Wani abokina ya nuna mini wata harka a waya mai ba da ribar kashi 30 cikin ɗari duk wata. Ina so in ci bashin dubu 500 in zuba. Me ka gani?"

Ƙanina, bari in sallami maganar wayar tukuna, don ba ta cancanci dogon bayani ba. Kada ka zuba ko sisi. A watan Disamba na 2016 harkar zuba kuɗi ta intanet mai suna MMM ta rufe da kuɗin jama'a, a watan Afrilu na 2025 wata irinta mai suna CBEX ta yi haka, kuma duk da daɗin baki irin wanda abokinka ya yi maka aka jawo mutane. Kai ɗan kasuwa ne, ka san abin da kake samu a kan katan ɗin taliya. Wanda ya san hanyar da kuɗi ke haihuwar kashi 30 duk wata, me zai yi da dubu 500 ɗinka?

Ciwonka yana cikin jimla ɗaya da ka rubuta ka wuce kamar ba komai: "abin da gida ke buƙata daga shagon nake ɗauka." Nawa kake ɗauka? Na tabbata ba ka sani ba. Aljihun shago da na gida sun zama ɗaya, kuma buƙata ba ta da ƙasa, kamar rijiya ce gaba dubu.

Mu yi lissafi a kan abin da ka faɗa. Ribar tireda siririya ce. Mu ce kana samun naira 8 a kowace 100. A cinikin dubu 75, dubu 6 ke nan a rana, wajen dubu 180 a wata. Cire haya, wuta, man janareto don firij, sallamar yaron shago, da biredin da ya kwana ya lalace, ka ce dubu 50. Saura dubu 130. In cefanen gidanka dubu 4 ne kullum, dubu 120 ta tafi. To sukarin da yaro ke zuwa a auna masa don gida fa? Sabulun wanki, madarar shayi, kuɗin data, gudunmawar bikin aboki, ankon uwargida, shaddar Sallah? Ribar ta kusa ƙarewa tun a cefane. Sauran duk uwar kuɗi kake yanka kana ci.

Abin da ke rufe maka ido shi ne kana ƙirga jarinka da naira. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin dako ya tashi, kaya suka bi shi. Miliyan 2 da rabi ta yau ba ta cika kantar da miliyan ɗaya da rabi ta cika a da. Je ka ƙirga katan-katan da buhuna, ka tuna yadda shagon yake shekara uku baya. Can za ka ga gaskiya.

Motar abokinka kuwa, ka ga motar, ba ka ga littafin bashinsa ba. Na san wani mai atamfa a babbar kasuwar Gombe, shago biyu gare shi, mutumin kirki mai fara'a. Maƙwabcinsa ya yi mota, shi ma ya yi. Ya ƙara aure, aka kai lefe akwati goma sha biyu, gari ya ɗauka. Bayan shekara biyu na shiga shagonsa, na miƙa hannu zan jawo turmi daga layin sama, sai na ji kwali. Turmi ɗai-ɗai ya jera a gaba, bayansu duk kwalaye ne na wofi, don kada masu wucewa su gane. Ya kalle ni, na kalle shi, ba wanda ya ce uffan. Dilolin Kano da ke ba shi kaya bashi sun daina ɗaga wayarsa. Ba ɓarawo ne ya shiga masa ba, ba gobara ba. Idon mutane ya yi wa hidima har ya ƙare, mutanen kuma ba wanda ya zo ya taya shi biyan bashi.

Akwai kuma wani dattijo mai wake a Tudun Hatsi da nakan zauna wurinsa. Da kwanon abincinsa yake zuwa daga gida, ɗaure a bayan tsohon babur. Kafin ya rufe rumfa yakan ciro kuɗin cefanen gobe, adadi ɗaya kullum, ya sa a wani gwangwanin madara, sauran ya ɗaure da roba ya rubuta a littafi. Ranar da aka yi ciniki sosai bai ƙara wa gwangwanin ba, ranar da kasuwa ta yi sanyi bai rage ba. Ya aurar da 'ya'yansa, ya sauke farali, ba mai bin sa ko kwabo. In ka gaishe shi ya ce "Alhamdulillahi", kana jin ta fito daga ciki. Ni a ganina godiya tana wuya ga wanda bai san abin da ke hannunsa ba. Shi ya sani har naira ta ƙarshe, shi ya sa yake barci.

Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurce mu mu dubi wanda yake ƙasa da mu, kada mu dubi na sama, don kada mu raina ni'imar Allah. Shekara shida shagonka a buɗe, a shekarun da shaguna da yawa suka rufe. Yaron da ke turo maka kaya a baro, da za a ba shi makullin shagon nan, kwana zai yi yana sujada. Kai kuma a wasiƙarka ka kira shi jiya i yau.

Kada ka ji ni a baibai ka koma gida ka ƙuntata wa iyali. Tattali daban, rowa daban. Abinci, magani, kuɗin makaranta da zakka ba a taɓa su. Abin da za ka datse shi ne duk abin da kake saye don a gani: sauya waya alhali ta hannunka tana aiki, ɗinki a kowane biki, ragon layya na gasa da maƙwabci, har da bashi.

Ka yanka wa kanka albashi daga shago, adadi ɗaya a wata wanda bai kai ribar ba, ya zama shi ne iyakarka. Duk abin da ya fita zuwa gida, ko ashana ce, a rubuta da farashinta a cire daga ciki. Ka zaunar da maiɗakinka ka nuna mata lissafin nan yadda na nuna maka. Mata da yawa sun fi mu iya riƙo in an gaya musu gaskiya; ɓoye musu ne ke sa su zaci akwai. Wata na farko zai yi ɗaci, za ka ji kunyar cewa "babu" a wurin da ka saba cewa "ɗauka", wasu 'yan'uwa ma za su ce ka canza. Bar su su faɗa.

Sayi littafi mai bango mai ƙarfi yau, kafin ka rufe. Ka ƙirga duk kayan shagon a shafin farko, katan da katan, ka sa kwanan wata. Bayan wata uku ka sake ƙirgawa, ka aiko mini da shafukan biyu, sannan mu yi maganar ko akwai abin da za a ƙara a shagon.