Ku Tambayi Anti: Allurar rage ƙiba ha'inci ce?

Anti, barka da aiki. Wata huɗu ke nan da likita ya ɗora ni a kan allurar da ake yi sau ɗaya a mako, saboda ƙiba da hawan jini. Na ragu sosai, gwiwoyina sun daina ciwo. Sai wata abokiyar aikina ta ce a gaban mutane wai na bi ta ɓarauniyar hanya, masu zuciya motsa jiki suke yi. Maganar ta tsaya min a rai. Da gaske ha'inci nake yi?
— H.A.

'Yar'uwa, a gasa ake ha'inci, ke kuma ba gasa kika shiga da kowa ba. Magani kike yi, likita ne ya rubuta miki.

Ba ki faɗi sunan allurar ba, amma daga bayaninki ina zaton semaglutide ce ko 'yar'uwarta tirzepatide. Ta farkon kamfanin Novo Nordisk na Denmark ne ke yin ta. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, ta amince da ita a 2017 da sunan Ozempic don masu ciwon suga, sannan a 2021 da sunan Wegovy don rage ƙiba. Akwai wani sinadari da hanjin kowa ke saki bayan an ci abinci, ana ce masa GLP-1, shi ne ke kai wa ƙwaƙwalwa saƙon cewa an ƙoshi. Na jiki cikin 'yan mintuna yake ɓacewa. Allurar kwaikwayonsa take yi, sai dai ita tana kwanaki a jini, tana kuma sa abinci ya daɗe a ciki kafin ya wuce. Shi ya sa za ki ga kin ci rabin abin da kika saba, kin ture kwanon, hankalinki kuma bai sake komawa kansa ba. Wanda bai taɓa kwana yana tunanin abin da zai ci gobe ba, shi ne ke ganin abin kamar lalaci ne.

A gwajin da aka wallafa a 2021, waɗanda suka yi makonni 68 a kan semaglutide sun rage kusan kashi 15 cikin 100 na nauyinsu. Su ma an ce su gyara cimarsu, su motsa jiki, don haka zancen abokiyar aikinki cewa ko wannan ko wancan bai ma taso ba.

Abin da ya fi damuna ba bakin mutane ba ne. Da aka bi sawun waɗanda suka daina allurar, cikin shekara guda kusan kashi biyu cikin uku na abin da suka rage ya dawo. Saboda haka tun yanzu ki tambayi likitanki: har yaushe zan yi ta, kuma idan na daina mene ne shiri? Ki kuma sani ba kitse kaɗai ke tafiya ba, har da tsoka, don haka kada ki yi wasa da abinci mai gina jiki da ɗan ɗaga nauyi. Tashin zuciya, amai, gudawa ko taurin bayan gida sun zama ruwan dare, musamman lokacin da aka ƙara yawan maganin. Amma ciwon ciki mai tsanani da ya ƙi lafawa, har yana ratsawa zuwa baya, wannan na asibiti ne a ranar. Idan kina neman haihuwa, ana so a daina semaglutide aƙalla wata biyu kafin ɗaukar ciki.

Masu karatu da ke shirin sayo ta a intanet kuwa, ku ji: a 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabunta da aka gano a Birazil da Birtaniya da Amurka. Shayin rage teɓa ma ba na yarda da shi, domin an sha kama sibutramine a ciki, maganin da aka janye daga kasuwa a 2010 saboda haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Ita kuma abokiyar aikin, ki same ta ita kaɗai ki ce: "Lafiyata tsakanina da likitana ce, don Allah kada ki sake ɗauko ta a gaban mutane." Kada ki ƙara da bayani.

Anti, a takardar auna ƙwazo ta ƙarshen shekara shugabana ya rubuta cewa ba na ba da haɗin kai. Bai kawo misali ko ɗaya ba. In sa hannu ko in ƙi?
— M.S.

Ɗan'uwa, kafin zancen sa hannu, nemi minti goma da shi. Kada ka shiga da kare kai. Ka ce: "Ranka ya daɗe, ina so in gyara. Wane lokaci ne ka ga haka, kuma me ka so in yi?" Ka shiga da biro da takarda, ka rubuta a gabansa. In ya kawo misali, ka samu abin gyarawa, ko da ya yi ɗaci. In ya yi ta kame-kame, ka aika masa saƙo bayan zaman ka taƙaita abin da kuka tattauna, ka ajiye kwafi. A wurare da yawa sa hannu na nufin ka ga takardar ne kawai, kuma ana barin gurbin da ma'aikaci zai rubuta nasa bayanin. Ka tambayi sashen kula da ma'aikata yadda naku tsarin yake.

Anti, muna musu da maigidana. Ya ce masu ƙiba sun ƙwace wa masu ciwon suga maganinsu. Ni na ce ƙiba ma ciwo ce. Wa ya yi gaskiya?
— Z.U.

Kowa da rabonsa. An yi ƙarancin allurar daga 2022, masu ciwon suga sun sha wahalar nema, sai a farkon 2025 FDA ta ce ƙarancin ya kau a Amurka. Nan maigida ya yi gaskiya. Amma an tsara Wegovy ne don mai ma'aunin BMI (awon ƙiba da ke kwatanta nauyi da tsayin mutum) 30 zuwa sama, ko 27 idan akwai wata cuta kamar hawan jini, kuma wani babban gwaji a 2023 ya nuna ta rage haɗarin bugun zuciya da shanyewar jiki da kusan kashi 20 cikin 100 ga masu ƙiba da ciwon zuciya. Wanda ya cancanci faɗan maigida shi ne mai neman zubar da kilo uku don hoto, da wanda ya sayar masa ba tare da takardar likita ba.