Amsa ga ƙanina mai son zuwa Rasha karatun zanen gini

Salam ƙanina, na ga saƙonka da hotunan da ka turo, waɗancan fadoji masu jerin ginshiƙai da ka ce ka ga ana sayar da su a firem kamar zanen fenti, kuma wai su ne suka sa maka sha'awar zuwa Saint Petersburg karatun akitekca, tunda dama ka iya AutoCAD, manhajar zane a kwamfuta.

To bari in fara da hotunan. Na farkon nan mai ruwan ƙwai da fararen ginshiƙai a tsakiya Fadar Alexander ce, tana garin Pushkin, kudu da birni kaɗan. Wani ɗan Italiya ne ya tsara ta, Giacomo Quarenghi, sarauniya Katarina ta biyu ta sa aka gina wa jikanta tsakanin 1792 da 1796, kuma daga cikinta aka kwashe sarkinsu na ƙarshe Nikolai da iyalinsa zuwa Saiberiya a 1917. Abin da nake so ka gane shi ne wannan hoton asalinsa ba don ado aka yi shi ba, takardar aiki ce, ita ake kai wa mai gini ya gani ya amince kafin a haƙa tushe. Sai dai mutanen nan da tawada da ruwa suke cika zanen, su sa inuwa ƙarƙashin kowane ginshiƙi, wani lokaci har bishiyoyi da gajimare, shi ya sa yau ake bugawa a rataya a falo.

Kuma wallahi kai ma sai ka yi irinsa da hannunka, nan ne AutoCAD ɗin ba zai cece ka ba. Sunan abin otmifka. Za ka jiƙa takarda ka ɗaure ta a jikin allo ta bushe ta miƙe tsaf, ka goga sandar tawadar Sin da ruwa ka tace, sannan ka riƙa shafawa da buroshi siriri siriri, ka jira ya bushe ka ƙara wani a kai, haka haka har inuwar ta yi zurfi, haske kuma kullum daga sama ta hagu yake saukowa. Ɗigo ɗaya in ya kuɓuce maka aikin sati guda ya tafi. Ni da na fara sai ya tuna min da masu zayyanar allo a gida, wannan natsuwar ce dai da riƙe numfashi.

Da farko ina ganin ɓata lokaci ne, sai ranar da muka je Fadar Pavlovsk. Ita ma irin wannan salon ne na koyi da ginin tsoffin Girkawa da Rumawa, Charles Cameron ya fara ta a 1782. Sojojin Jamus sun cinna mata wuta a 1944 da za su gudu, sai kango ya rage. Da tsoffin zane-zanen nan da hotunan kafin yaƙi da guntayen adon da aka tsinto cikin toka aka sake tayar da ita ɗaki bayan ɗaki, aka fara buɗe wa mutane a 1957. Ina tsaye a ciki tunanina ya koma Zariya, masallacin Juma'ar da Babban Gwani ya gina, shi tsarin nasa a kansa yake da hannun yaransa, kuma gidajen ƙasa nawa ne masu zanko da dagi suka zube a unguwanninmu ba wanda ya auna su ya ajiye a takarda? Abin yana ci min rai har yau.

Batun zuwa kuma, shekarar farko yaren Rashanci za ka yi, podfak suke ce mata, kuma sashen akitekca suna gwada mutum da zanen fensir kafin su ɗauka, a ajiye maka abu a gaba ka zana. Don haka tun yanzu ka sayi fensir da littafin zane, ka je Gidan Makama ko wani tsohon zaure ka zauna ka zana ƙofa da bakan gizon ginin da inuwarsu, ka tara su ka zo da su. Ka kuma tambayi ARCON, hukumar rajistar masu zanen gini ta Najeriya, ko suna karɓar takardar makarantar da ka zaɓa kafin Baba ya biya ko sisi. Katin bankinka na gida ba ya aiki a nan tun 2022, sai kun tsara yadda kuɗi zai riƙa iso maka. Sanyi kuwa ba a magana, a Disamba hasken rana kusan awa shida ne kawai, a Yuni kuma dare ba ya yin duhu sosai. Akwai babban masallaci kusa da tashar Gorkovskaya, can muke Juma'a.

Ka turo min zane uku na hannunka in gani, sai mu yi maganar makarantar da za ka nema. Ka gaida su Umma.