Amsa kan Polonia Warszawa, tsohuwar ƙungiyar Olisadebe

Ɗan'uwa, ka tambaya ina ƙungiyar da Emmanuel Olisadebe ya buga wa a Poland ta shiga, da kuma su waye magoya bayanta. Polonia Warszawa ce, tana nan da ranta. Amma ka fara gane matakan gasar ƙasar, don a nan mutane ke ruɗewa: ta sama ita ce Ekstraklasa, wadda suke kira I liga mataki na biyu ce, II liga na uku, har IV liga da ke na biyar.

An kafa ta a 1911, lokacin Warsaw na hannun daular Rasha, shekara biyar kafin Legia, babbar abokiyar hamayyarta a birnin. Baƙar rigar da aka san ta da ita, magoya baya na cewa makoki ne na ƙasar da aka raba. Ta ci gasar ƙasa a 1946, birnin na kango bayan yaƙi. Sai mulkin gurguzu ya zo. Aka maƙala ta ga hukumar jiragen ƙasa, har aka sauya mata suna zuwa Kolejarz, ita kuwa Legia ta soja ce, kuma duk matashin da ya iya ƙwallo, da ya shiga aikin soja na dole Legia na iya ɗauke shi. Polonia ta ci kofin ƙasa a 1952, a shekarar ta faɗi, ba ta sake ganin gasar sama ba sai 1993.

Zamanin Olisadebe shi ne ganiyarta. Haifaffen Warri ne, ya zo a 1997, suka ci gasa a 2000 ƙarƙashin koci Dariusz Wdowczyk. A shekarar aka ba shi takardar zama ɗan ƙasa, ya taimaka wa Poland ta je kofin duniya na 2002, ya ci Amurka ƙwallo a can, a lokacin ya riga ya koma Panathinaikos ta Girka.

Faɗuwar 2013 ita ce ya kamata ka duba da kyau, domin ba a fili aka kayar da su ba. Józef Wojciechowski, mai kamfanin gine-gine, ya sayi ƙungiyar a 2006. A 2008 ya haɗa ta da Dyskobolia Grodzisk, wata ƙungiya da ke Ekstraklasa, ta haka ta samu gurbi a Ekstraklasa ba tare da ta ci gasar haurawa ba. Albashi ya yi sama, kuɗin kuwa daga aljihu ɗaya yake fitowa, tikiti a filin da ke ɗaukar mutum wajen 7,000 ba zai riƙe wannan nauyi ba. Da ya sayar a 2012 ga Ireneusz Król, bashi ya taru, 'yan wasa suka daina ganin albashi. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Poland, PZPN, ba ta ba da lasisi ga mai bashin 'yan wasa ko haraji da wa'adinsa ya wuce. Ƙungiyar ta ƙare ta shida a teburi, aka jefa ta IV liga. Wallahi abin takaici ne, ta shida fa. Sai da Grégoire Nitot, ɗan kasuwa Bafaranshe, ya karɓe ta a 2020 ta fara numfashi: II liga a 2022, I liga a 2023.

Magoya bayanta ba su kai na Legia yawa ba ko kusa, amma gado ne a gidaje da dama, kaka ya kai jika. Masu waƙa da tutoci na taruwa a ɓangaren da ake kira Kamienna, masu iyali sun fi zama a babban ɓangaren da ke fuskantarsa. A da sun daɗe suna abota da na Cracovia, wata ƙungiya ta birnin Kraków. Su ne suka bi ƙungiyar zuwa filayen ƙananan garuruwa lokacin da take mataki na biyar, wannan ya sa nake ganin su da daraja fiye da duk wanda ya taɓa mallakarta.

In za ka je kallo, filin na lamba 6 a titin Konwiktorska, ka sauka a tashar jirgin ƙasa ta Dworzec Gdański ka taka. Tikiti da sunanka ake yankawa, ka riƙe fasfo, sunan ya dace da shi. Kada ka sa komai mai tambarin Legia, ko hula ce. Ka kuma duba jadawali, ana tsayar da gasa daga Disamba zuwa Fabrairu saboda sanyi.